Kawu ko baffa? Ina neman wanda zai gyara mini jimla da harshen Latin

Sadik_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina cigiyar wanda ya san Latin. Na kusa kammala kundin digirina na shari'a, kuma ina so shafin sadaukarwa ya kasance da Latin saboda kawuna. Shi ya riƙe ni tun ina firamare, yana kuma cikin waɗanda aka koya wa Latin a sakandare a shekarun 1960, har yau in hira ta yi daɗi yakan jefo mana kalma ɗaya ko biyu. Abin da nake son faɗa shi ne: "Ga kawuna da gwaggona, waɗanda suka raine ni." Na saka a wata manhajar fassara ta ba ni *patruus* a matsayin kawu, wani abokin karatuna kuma ya ce *avunculus* ne. Wanne ne daidai? Jimlar gaba ɗaya kuma yaya za ta tsaya? Ba na so in kai masa abin da zai duba ya girgiza kai.

Malam_Garba63: Wa alaikumus salam. Abokinka ne ke da gaskiya, muddin kawun nan ta wajen uwa yake. Rumawa sun raba su gida huɗu kamar yadda muke yi. *Patruus* shi ne baffa, wan uba ko ƙanensa. *Amita* gwaggo. *Avunculus* kawu. *Matertera* ita ce inna, yayar uwa ko ƙanwarta. Manhajojin nan galibi sai sun bi da maganarka ta Ingilishi kafin su kai ta Latin, shi kuwa Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga kawu da baffa, don haka bambancin da ka shigar a hanya yake zubewa.

Abu na biyu, ba a ɗauko kalma daga ƙamus a ajiye ta yadda take. Latin yana da i'irabi kamar nahawun Larabci, sai dai inda Larabci ke da raf'u da nasabu da jarru, shi gida shida gare shi. "Ga wane" ba ya buƙatar wani harafi a gaba, ƙarshen sunan ne ke sauyawa. To jimlarka:

*Avunculo meo et amitae meae, qui me educaverunt.*

Sadik_Fagge: Allah ya saka da alheri Malam. Eh, wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

AbuHafsat: Ni dai ban gane ba. Ga Larabci, ga Hausarmu, sai a je a tono harshen da babu mai magana da shi? Mutum nawa ne za su karanta su fahimta?

Barista_Rabi: AbuHafsat, mutum ɗaya aka rubuta wa, kuma shi zai fahimta. Ban da haka, duk wanda ya zauna ajin shari'a a ƙasar nan da Latin yake kwana yake tashi: *audi alteram partem*, *nemo dat quod non habet*, *locus standi*. Ba baƙo ba ne a kundin lauya. Ƙanena Sadik, ka rubuta da Latin ka sa Hausar a ƙasa, an wuce wajen.

Hadiza_Maradi: Na daɗe ban ji daɗin magana a zauren nan kamar wannan ba. Mu da muka yi karatu da Faransanci kullum muna faɗin kalmomin nan ba mu sani ba. *Oncle* daga *avunculus* ya fito, *tante* daga *amita*. Ku duba abin da ya faru: kawu ya cinye baffa, gwaggo ta cinye inna, aka bar Bafaranshe da kalma biyu a maimakon huɗu. Shi ya sa in ana rubuta takarda a hukumance sai ka ƙara cewa na wajen uba ko na wajen uwa. *Cousin* ma daga *consobrinus* yake, *neveu* daga *nepos*.

Bagobiri_77: A wajenmu tsofaffi rahani suka cewa, kawu daga baya munka riƙa jin shi. Kuma na ga gidajen da kowane namiji babba kawu na, ko ta uba ko ta uwa. Kada mu yi ta yabon Hausa alhali mu ma mun fara haɗe su.

Maman_Ilham: Gaskiya ne Bagobiri. Yaran yanzu ma anti da ankul kawai suka sani. 'Yata ta kira ƙanwar babanta anti a gaban surukata, tsohuwar ta ce ita ba ta haifi anti ba, gwaggo ta haifa.

Malam_Garba63: Hadiza ta taɓo *consobrinus*, bari in ƙara. Asalinsa 'ya'yan mata biyu 'yan'uwan juna ne, wato ɗan innarka, daga baya aka faɗaɗa shi. Ɗan baffa *frater patruelis* ake ce masa, kun ga har da *frater* a ciki, ɗan'uwa ne kawai kamar yadda muke ɗaukarsa. Ɗan gwaggo kuma *amitinus*. Abin da ban taɓa cin karo da shi a wajensu ba shi ne wasan taubasai, wannan na ɗan mace da ɗan namiji. Kalmar dangantakar suna da ita, wasan ne namu.

Inda Hausa ta fi su kuwa shi ne girma da ƙanƙanta. *Frater* wa ne, ƙane ne. *Soror* ya ce, ƙanwa ce. In kana son bambancewa sai ka ƙara *maior natu* ko *minor natu*, babba ko ƙarami a haihuwa. Bahaushe kuwa da ya ce wa ko ƙane ya nuna wa ya riga wani zuwa duniya.

Hajiya_Tudunwada: Ɗana Sadik, tambaya ɗaya. Ka ce kawu da gwaggo suka raine ka. Gida ɗaya? Gwaggon nan 'yar'uwar mahaifinka ce ta jini, ko matar kawun ce kuke kira Gwaggo? Don na san gidaje da yawa haka ake yi.

Sadik_Fagge: Hajiya matar kawun ce. Duk gidan Gwaggo muke ce mata, har 'ya'yan maƙwabta.

Malam_Garba63: To Hajiya ta ceci kundin nan. *Amita* ba ta zauna ba ke nan. A wajen Barume *amita* 'yar'uwar uba ce tak, ba sunan girmamawa ba ne da ake ara wa kowace babba. In kawunka ya karanta zai ɗauka wata kake nufi. Matar kawu ba ta da suna nata na daban da aka saba da shi, "matarsa" za ka ce:

*Avunculo meo eiusque uxori, qui me educaverunt.*

Wannan *-que* ɗin da ke manne a jikin *eius* shi ne "da".

Maman_Ilham: Kai, amma "matarsa" ya yi sanyi da yawa ga matar da ta yi maka wanka ta ba ka abinci. Ba wata kalma mai ɗumi?

Bulus_Kagoro: Akwai hanya, Maman Ilham. Na yi Latin a makarantar horar da limaman Katolika kafin in koma koyarwa. Yana iya ƙara *alteri matri meae*, ma'ana "uwata ta biyu". Tsoffin masanan Rum ma da haka suke fassara *matertera*, suna cewa kamar *mater altera* ce, wata uwar. Sannan akwai kalmar da ta dace da Sadik kansa: *alumnus*. Yau tsohon ɗalibin makaranta ake nufi da ita, amma asalinta ɗan riƙo, yaron da ka ciyar ka raina ba kai ka haife shi ba. Daga aikatau *alere* take, ciyarwa. Ni da zan rubuta:

*Avunculo optimo eiusque uxori, alteri matri meae, qui me aluerunt, alumnus gratus.*

Wato ga kawu mafi kirki da matarsa, uwata ta biyu, waɗanda suka ciyar da ni, daga ɗan riƙonsu mai godiya. Tunda an yi amfani da *aluerunt* sai ya amsa wa *alumnus*, kunnen wanda ya san harshen zai ji daɗin hakan.

AbuHafsat: Wannan na *matertera* ya burge ni, domin hadisi ne ingantacce a Bukhari cewa inna tana matsayin uwa. A Muslim kuma an ce baffan mutum tamkar mahaifinsa ne. Larabci ma huɗun ne: ammu, amma, khalu, khala. To in haka ne Latin ya fi kusa da mu a kan Turancin da aka ɗora mana.

Zainab_BUK: Masu nazarin al'umma sun daɗe da lura da wannan. Lewis Henry Morgan ne ya fara tattara tsarin sunayen dangi na duniya a 1871, daga baya George Murdock a 1949 ya kasa su gida shida. Tsarin da kusan kowane dangi ke da sunansa na daban shi aka laƙaba wa "na Sudan", kuma Latin da Larabci ake yawan kawowa misali. Hausa ba ta faɗa ciki gaba ɗaya ba, tunda mu ɗan baffa da ɗan inna duk wa ne ko ƙane, baffan ma wasu Baba ƙarami suke cewa.

Barista_Rabi: Ba don ado Rumawa suka raba kalmomin ba, gado ne da waliccin marayu. A dokokin Alluna Goma Sha Biyu, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, in mutum ya mutu ba wasiyya kuma ba 'ya'yan da ke ƙarƙashin ikonsa, dukiya tana tafiya ga *adgnatus proximus*, mafi kusa cikin dangin da aka haɗu ta tsatson maza. In babu, sai 'yan *gens*, zuriyar da ke ɗauke da suna ɗaya. Baffa yana cikin *agnati*, kawu ba ya ciki, shi *cognatus* ne kawai, ɗan'uwa na jini. Riƙon maraya da dukiyarsa ma ga na kusa cikin *agnati* yake faɗawa, sau da yawa baffa. Shi ya sa a adabinsu *patruus* ya zama alamar mai tsawa da faɗa, har mawaƙi Horas yake cewa *ne sis patruus mihi*, kada ka zame mini baffa. Kawu kuwa ba ruwansa da lissafin dukiya, nasa lallashi ne. Sunan ma *avunculus* ƙaramin *avus* ne, ɗan ƙaramin kaka.

Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na karanta: matar da ta yi aure ba ta shiga ƙarƙashin ikon mijinta ba, a idon tsohuwar dokar ba ta cikin *agnati* na 'ya'yan da ta haifa. Sai a shekara ta 178 miladiyya majalisar dattawan Rum ta ba 'ya'ya fifiko a gadon uwarsu, sai kuma 543 Sarki Justiniyan ya rushe bambancin dangin uba da na uwa a gado.

Ustaz_Kabiru: Barista, wannan *agnati* ya yi kama da asaba, wato magada ta wajen uba, a ilimin gado, amma kada masu karatu su ɗauka abu ɗaya ne. A Musulunci uwa tana da rabonta yankakke, sudusi ko sulusi, 'ya mace ma tana da nata rabon, tun daga nassi. Inda aka yi kama shi ne baffa asaba ne, kawu kuwa yana cikin zawil arhami, kuma a asalin mazhabar Malikiyya ba sa gado sai dai a kai baitulmali, malaman baya ne suka yi sassauci. Ina so in sani, suna da shaƙiƙi da li'abi da li'ummi?

Malam_Garba63: Suna da su Ustaz. *Germanus* shaƙiƙi, *consanguineus* wanda kuka haɗa uba, *uterinus* wanda kuka haɗa uwa. Daga *germanus* Sifaniyanci ya samo *hermano*. Ɗan'uwan shayarwa ma akwai, *collactaneus*, daga *lac*, nono.

Hajiya_Tudunwada: To Malam, ku faɗa mana na gidan aure. Suruka? Facala? Kishiya? Agola?

Malam_Garba63: Ranki ya daɗe, a nan sun fi mu rarrabewa. Mu suruki da suruka sun ɗauke sama da ƙasa. Su kuwa *socer* uban miji ko na mata, *socrus* uwar, *gener* mijin 'ya, *nurus* matar ɗa. Wan miji ko ƙanensa *levir*, 'yar'uwar miji *glos*. Facaloli *ianitrices*, tsohuwar kalma ce da ba a cika gani ba sai a littattafan shari'a da na masu tattara kalmomi. Agola *privignus*, mace *privigna*. Mijin uwa *vitricus*, matar uba *noverca*, kuma sun ɓata mata suna a labaransu kamar yadda tatsuniyoyinmu suka yi wa kishiyar uwa. Kishiya dai ba su da ita, don dokarsu mace ɗaya ta sani. Akwai *paelex*, amma wannan farka ce ko ƙwarƙwara, zagi ne, kada kowa ya ɗora wa matar sunna.

Bulus_Kagoro: Malam, Jerom ya gamu da wannan matsalar sa'ad da yake juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin wajen shekara ta 400. A Littafin Sama'ila na fari, Elkana yana da mata biyu, Hannatu da Feninna. Da ya zo kan Feninna sai ya ce *aemula eius*, abokiyar gasarta. Ita ce mafi kusa da kishiya da na sani, don ita ma daga kishi aka gina ta. A Farawa 28 kuma ga kalmar Sadik ƙarara, inda Ishaku ke cewa Yakubu ya auro daga *filiabus Laban avunculi tui*, 'ya'ya matan Laban kawunka.

Isuhu_Damagaram: Auren zumunci ke nan. Rumawan kansu suna yi?

Barista_Rabi: Suna yi. Sarki Markus Aureliyus 'yar gwaggonsa ya aura, Faustina ƙarama, a shekara ta 145. Akwai ma wanda ya wuce gona da iri. Sarki Kalaudiyus ya auri Agrippina, 'yar ɗan'uwansa Jamanikus, a shekara ta 49, sai da majalisa ta sauya doka dominsa. Abin da ya biyo baya shi ne doka ta halatta wa baffa 'yar ɗan'uwansa, kawu kuwa an ci gaba da haramta masa 'yar 'yar'uwarsa. Kun ga ko a nan kalmomin biyu ba ɗaya ba ne a gaban alƙali.

Ustaz_Kabiru: Subhanallah. Mu duka biyun muharramai ne a Suratun Nisa'i.

Ɗan_Kurmi: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ƙungiyar zumuntar gidanmu za ta buga kalanda, ana son take. Yaya za a ce "zumunta a ƙafa take"? Da "ɗan'uwa rabin jiki"?

Bulus_Kagoro: Na biyun mai sauƙi ne: *Frater dimidium corporis*. Zai ma yi wa mai Latin daɗi, don Horas ya kira abokinsa Barjil rabin ransa, *animae dimidium meae*. In dangi gaba ɗaya kake nufi har da mata, sa *propinquus* a madadin *frater*. Na farkon kuwa in ka bi shi kalma da kalma, *cognatio in pedibus est*, nahawu bai karye ba amma wanda ba Bahaushe ba zai tsaya yana tunanin me ƙafa ta yi. Ni zan ce *Cognatio visendo colitur*, da ziyara ake raya zumunta.

Malam_Garba63: A nan na saɓa da kai Malam Bulus. Da ka cire ƙafar ka cire karin maganar, ya zama nasiha kawai. Kalandar Hausawa za su rataya, sun san me ake nufi. *Cognatio pedibus colitur*, da ƙafa ake raya zumunta. An riƙe ma'ana, an riƙe ƙafa.

Bulus_Kagoro: Na karɓi *pedibus*, ya fi nawa armashi. Sai dai har yanzu ina ganin Barume zai buƙaci a yi masa bayani.

Ɗan_Kurmi: Na ɗauki na Malam Garba. Kalmar *familia* fa, ba za ta fi *cognatio* sauƙin ganewa ba?

Zainab_BUK: Za a gane ta, amma ba ita ba ce. *Familia* a wajensu duk abin da ke ƙarƙashin ikon maigida ne, har bayi, kai wani lokaci bayin kawai ake nufi, 'yar'uwar *famulus* ce, bara. Ta fi kusa da "gida" ko "iyalin wane". Zumunta ta jini *cognatio*, ta aure *affinitas*.

Hadiza_Maradi: Mu koma kan *nepos* da na ambata. Wani malaminmu ya ce jika yake nufi, ni kuma na san *neveu* ɗan ɗan'uwa ne. Wanne ne?

Malam_Garba63: Duka biyun, zamani ne ya bambanta. A Latin na zamanin Shisharo, shahararren marubucin Rum na kafin haihuwar Annabi Isa, *nepos* jika ne, *neptis* jikanya, ɗan ɗan'uwa kuwa sai a ce *fratris filius* ko *sororis filius*, kamar yadda mu ma ba mu da kalma guda sai ɗan wana, ɗan ƙanwata, ko kawai ɗana. Daga baya *nepos* ya ɗauki ma'ana ta biyu, har yau Italiyanci *nipote* yake cewa duka biyun. Daga nan aka samo kalmar Turawa ta fifita dangi a muƙami, wato *nepotism*, saboda fafaromomin da ke naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙaman coci, har Fafaroma Innocent na 12 ya taka wa abin burki a 1692. Tattaɓa-kunne *pronepos*. Sama kuma suna hawa har hawa shida: *pater, avus, proavus, abavus, atavus, tritavus*. Mu daga kaka sai kakan kaka.

AbuHafsat: Akwai abin da ya tsaya mini a rai kan *alumnus*. Ba ya nufin kawun ya mayar da shi ɗansa, ya sauya masa uba? Don wannan Suratul Ahzab ta hana.

Barista_Rabi: Ba ya nufi. Wancan *adoptio* ne, inda yaro ke barin gidan ubansa a shari'a ya ɗauki sunan wani. Haka aka yi da Filini ƙarami, kawunsa Filini babba, wanda ya rasu a aman dutsen Besubiyus a shekara ta 79, ya mayar da shi ɗa ta wasiyya ya ba shi sunansa. Ogustus ma jikan 'yar'uwar Yuliyus Kaisar ne, ta wasiyya ya zama ɗansa. *Alumnus* riƙo ne zalla, nasaba tana nan inda take.

Sadik_Fagge: Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Ina tsakanin na Malam Garba gajere da na Malam Bulus. Ya ake furta shi? Don na san zai ce in karanta masa da bakina.

Bulus_Kagoro: Ya danganta da inda ya koya. A coci *v* ɗin Turanci muke yi, *ae* kuma "e".

Malam_Garba63: A tsohon lafazi *v* "w" ce, *c* kullum "k", *ae* kuma "ai": awunkulo, a ɗora nauyin murya kan "wun". *Eiusque* "eyyuskwe". Bakin Bahaushe ya fi sabawa da wannan, tunda dogon wasali da gajere da baƙi mai ninki duk muna da su. Ka saurari yadda kawun ke faɗin kalmomin da yake jefowa a hira, ka bi nasa.

Ni dai har yanzu gajeren na fi so. Sadaukarwar Latin ba ta son yawan magana, kuma *optimo* da *gratus* da *alteri matri* duk a layi ɗaya sun yi nauyi. In za ka ɗauki na Malam Bulus, zaɓi biyu ka bar ɗaya.

Maman_Ilham: Kada dai a taɓa *alteri matri meae*. Ita Gwaggo ba ta yi Latin ba, amma in aka fassara mata nan ne za ta ji.

Hajiya_Tudunwada: Mahaifiyarka tana raye, Sadik? In tana raye ka fara shaida mata kafin ka buga "uwa ta biyu" a takarda. In ta rasu kuma, a sa mata layi nata.

Sadik_Fagge: Ta rasu ina ƙarami Hajiya, shi ya sa kawu ya ɗauke ni.

Hajiya_Tudunwada: Allah ya jiƙanta ya gafarta mata.

Bulus_Kagoro: Allah ya ji ƙanta. Layin shi ne *In memoriam matris meae*, a sama, shi kaɗai. Ka lura a nan *matris* ne ba *matri* ba, don "tunawa da" wani gidan i'irabi yake ja. In ka haɗa duka ka turo mu sake dubawa kafin ka kai wa mai buga kundin, masu buga takardu sukan mayar da *meae* ta koma *mea*.